Daga Batsari Zuwa Safana: Me 'Ya'yanmu Ke Ci A Bayan Idonmu?

 Yau zan ɗauke ki mu nufi yammacin Jihar Katsina, ƙasar Batsari da Safana, domin mu tattauna wata magana da ta shafi tukunyarki da cikin 'ya'yanki, ko a Kano kike zaune, ko Zariya, ko Maraɗi. Maganar kuwa ita ce ta abincin leda da na gwangwani, da duk wani abin ci da aka sarrafa a bayan idonmu, muka sa kuɗi muka saya, muka miƙa wa yaro ba tare da mun tambayi abin da ke ciki ba. Na zaɓi waɗannan garuruwa biyu ne saboda a can al'amarin ya fi fitowa fili. Ƙasa ce ta noma da kiwo wadda ta saba ciyar da wasu, amma yau za ki tarar da ledar biskit da ta garin lemo iska na kaɗa su har gindin rumbu.

Ƙasar rogo da nono

In kika bar birnin Katsina kika yi kudu maso yamma, tafiyar kamar awa guda a mota za ta kai ki Batsari. Ƙasa ce mai yashi da jigayi, ga duwatsu jefi-jefi, ga kuka da ɗorawa da gawo da aduwa tsaye a tsakiyar gonaki. Jibiya na arewa da ita, Kurfi na gabas, Safana na kudu, ta yamma kuwa dajin Rugu ne ya shimfiɗu har iyakar Zamfara. Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruman Katsina, domin tushen sarautar daga tsohon garin Ruma yake, garin shahararren mayaƙin nan Ɗanwaire, wanda har gobe Katsinawa ke ba da labarin jaruntarsa. Safana kuma, wadda ke ɗan yamma da Dutsinma, hakiminta shi ne Yariman Katsina, kuma a ƙaramar hukumarta ne garuruwan Runka da Zakka da Babban Duhu da Tsaskiya suke. Ƙidayar 2006 ta ba Batsari mutum sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000.

Duk Bakatsine ya san rogon Batsari. Rogo ne mai gari da garɗi, wanda in aka dafa shi aka barbaɗa garin ƙuli da ɗan yaji, ba kya neman wani abu sai ruwa. Bayan rogo ga gero da dawa da wake da gyaɗa da dankali. Ta ɓangaren daji kuma ga rugagen Fulani, waɗanda matansu ke shigowa gari da ƙoren nono da man shanu. Wata dattijuwa da na sauka gidanta ta lissafa mini abin da suka tashi suna ci: fura da kindirmo da rana, tuwon gero miyar kuka da daddawar kalwa da dare, ɗumame da safe, kwaɗon zogale ko na rama a tsakani. Abin taɓawar yara kuwa ɗanya ne da kanya da magarya da goruba da aya. Ta ce, "Malama, mu a zamaninmu abin da muke saye ba ya wuce gishiri da kanwa da manja. Sauran duk mun san gonar da ya fito."

Ki riƙe wannan magana tata, 'yar'uwa, domin ita ce bambancin jiya da yau. Ba cewa ake abincin da ba shi da aibi ba. Abin nufi shi ne uwa ta san hannun da ya taɓa shi tun daga gona har akushi.

Abin da ya sauya tukunya

Ba sai na ba ki dogon labarin abin da ya faɗa wa wannan yanki ba, kunnenki ya sha ji. Satar shanu ta rikiɗe ta zama hare-hare da garkuwa da mutane. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A Afrilun shekarar aka kashe 47 a hare-haren da aka kai ƙauyukan Safana da Dutsinma da Ɗanmusa. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan waya na wasu watanni. A 2025 ne aka ƙulla sulhu a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana, wanda shi ya ba irina ƙarfin gwiwar shiga mota bayan kakar wannan shekarar. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda wannan fitina ta shiga har cikin madafi. Manomin da ya bar gonarsa ta nesa ya koma sayen awo. Matar da ta gudo daga ƙauye ta raɓa a ɗakin dangi ba ta da rumbu, ba ta da turmi, ba ta da lambun bayan ɗaki. Da shanu suka ragu, nono ya yi tsada, har wasu masu sayarwa suka koma dama madarar gari su tsamar da ita. Da itace ya yi wuya, girkin da ke cin wuta kamar wake ya zama na wane da wane. Sai ga mai tireda a bakin layi da amsar kowace matsala a ƙulle cikin leda: tumatirin leda, madarar leda, ɗunƙulen ɗanɗano, garin lemo, taliyar yara mai dahuwa cikin minti uku. Saboda haka kada ki yi saurin cewa lalaci ne ya kai mata ga kayan leda. Da yawa lalura ce.

Ga kuma yunwa. Ƙungiyar likitocin nan Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta bayyana cewa a watanni shida na farkon 2025 kaɗai yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina sanadiyyar tamowa. A irin wannan hali, kowace naira da uwa za ta kashe a kan abin da yaro zai ci tana da nauyi. In ta tafi a kan ruwan kala da zaƙi, to an cika ciki ne ba a ciyar da jiki ba.

Aikin gida na mako guda

Na je Batsari ne bisa gayyatar wata ƙawata da muka yi kwalejin ilimi tare, wadda ke koyarwa a ajin matan aure na wata Islamiyya. Sun zo babin abinci da abin sha a fiƙihu, sai muka shawarta mu ba ɗalibai aikin gida irin wanda ba su saba ba. Kowace ta sami littafi, ta rubuta duk abin da ya shiga bakin 'ya'yanta har kwana bakwai, da boko ko da ajami, wadda hannunta bai faɗa ba ta sa ɗiyarta ta rubuta mata. Sannan ta tara duk ledar abin da suka saya da kuɗin tara ko kuɗin Islamiyya, ta zo da ita.

Ranar da aka kawo, tabarmar aji ta cika da ledoji kala-kala. Aka yi ta dariya da farko, kowa na tsokanar 'yar'uwarta. Da muka fara ɗaga su ɗaya bayan ɗaya sai aji ya yi tsit. Wasu ledojin na da sunan kamfani da adireshi da lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Wasu na da rubutun da babu mai iya karantawa a cikinmu. Wasu wa'adinsu ya wuce da watanni. Wasu kuwa fararen ledoji ne kawai da aka ƙulla wani jan gari ko koren ruwa a ciki, babu suna babu lamba, an saya a bakin makaranta.

Littattafan sun fi ledojin ba da tsoro. Akwai yaron da ya karya da shayi da burodi, ya sha ƙanƙarar leda a makaranta, ya ci taliya da manja da rana, ya sha garin lemo da yamma, ya kwana da garin kwaki da sukari. Cikinsa bai kwana wayam ba, amma yini guda cur babu wake, babu gyaɗa, babu ganye, babu ƙwai, babu nono. Wata ɗaliba ta dubi littafinta ta ce, "Wallahi Malama ni ce ke ba shi kuɗin kullum, amma ban taɓa sanin mi yake saye ba sai yau."

Uwargida, ina roƙonki ki gwada wannan aiki a gidanki. Ba ya cin ko sisi, kuma gani ya kori ji.

Kayan kamfani: tsakanin gaskiya da ji-ta-ji-ta

Tambayar farko da mata suka yi ita ce, shin duk kayan kamfani guba ne? Amsa ita ce a'a, kuma adalci ya wajaba ko a kan leda ne. Gishirin leda mai sinadarin aidin shi ya rage cutar maƙoƙo a ƙasar nan. Tun farkon shekarun 2000 doka ta wajabta sa sinadarin bitamin A a cikin sukari da fulawa da man girki na kamfani, shi ne za ki ga tambarin ido a jikin leda, kuma yana taimakawa wajen kare yara daga dundumi. Shi kansa abincin tamowa da ake ba yara a asibiti na leda ne, haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki, kuma ya ceci rayuka masu yawa. Sai dai magani ne na yaron da aka auna aka ba, bai halatta a sayar da shi a kasuwa ko a raba wa 'yan gida ba.

Haka kuma ba kowane saƙon da ya shigo wayarki ne gaskiya ba. A 2023 hukumomin Taiwan da Maleshiya sun janye wani nau'in taliyar Indomie saboda wani sinadari da suka gano a ciki, hankalin iyaye ya tashi a nan gida. NAFDAC ta ɗebi samfurin taliyar da ake yi a Nijeriya ta auna, ta sanar cewa ba ta sami sinadarin ba. Farin magi ma da ake ta yi wa ƙage iri-iri, masana abinci na duniya ba su same shi da illa ba in an sa daidai misali. Musulma ba ta yaɗa labari sai ta tabbatar, ko da labarin tsoratarwa ne.

To amma akwai abin tsoro na haƙiƙa, kuma tarihi ya nuna. A 2008 a ƙasar Sin an zuba sinadarin melamin a madarar jarirai don ta nuna kamar tana da ƙarfi, jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwo, shida suka rasu. A ƙarshen wannan shekarar a nan Nijeriya maganin haƙorin yara mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da gurɓataccen sinadari, ya yi sanadin mutuwar yara 84. Ga kuma buromet, sinadarin da wasu masu gidan burodi ke sawa don burodi ya kumbura ya yi taushi. An haramta shi saboda yana taɓa ƙoda, ana kuma zargin yana jawo ciwon daji. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta yi yaƙi da shi sosai, kuma hukumar ta ci gaba da gargaɗi a kansa bayanta. Don haka burodin da ya yi girma ba nauyi, kika matsa ya koma kamar auduga, ba suna ba lamba, ki yi hattara da shi.

Sai illar da ba ta nunawa yau, sai an jima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya, na yaro kuma ƙasa da haka. Ɗunƙulen da muke jefawa a miya kusan rabinsa gishiri ne. Ki ƙirga nawa kike sawa a tukunya guda, ki haɗa da gishirin da kika barbaɗa, da ƙullin sinadarin da ke cikin taliyar yara. Nan hawan jini ke samun ƙofa. Lemon roba ɗaya kuwa na iya ɗaukar sukari ƙaramin cokali goma ko fiye. Yaron da harshensa ya saba da wannan zaƙi tun yana rarrafe, da wuya ya kalli kunun gyaɗa da daraja.

Ki kuma lura da madarar awo. Da yawa daga cikinta an cire man nonon an maye shi da man itatuwa, wata ma ba madara ba ce, garin gyara shayi ne. Ba abincin jariri ba ce ko kaɗan. Jariri nonon uwa zalla yake buƙata har wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu, wa'adin da Alƙur'ani ya ambata ga mai son cika shayarwa.

Haɗarin da ke cikin mudu

Ranar kasuwar Batsari na zaga rumfunan hatsi, kuma a nan na ƙara fahimtar cewa abin da ba shi da leda ma yana iya fin mai leda haɗari, tunda shi babu lambar da za ki duba.

Mu fara da wake. Don gudun ƙwari, wasu 'yan kasuwa na yayyafa masa fiya-fiya ko su jefa ƙwayar da ake kira bom a cikin buhu. Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta a 2015 saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a ciki. A 2018 hoton wasu masu zuba Sniper a wake ya tayar da ƙura, a 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. In kika ji wake na warin magani, ko kika ga ƙwari matattu a ciki babu mai motsi ko ɗaya, ki bar shi. Wankewa da zubar da ruwan tafasar farko na ragewa, amma ba ya kawar da duka. In naki ne za ki adana, akwai hanyar da ba ta buƙatar guba: buhun PICS mai ninki uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007. A busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ninki daban, ƙwari su mutu don rashin iska. Jarka mai tsabta da murfi mai kyau, wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba, in aka cika ta taf, ita ma tana wannan aiki.

Na biyu gyaɗa da masara. In ba su bushe da kyau ba, ko aka ajiye su a wuri mai laima, funfuna na kama su ta haifar da wata guba mai suna afalatokzin. Wuta ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Tana cin hanta a hankali har ta kai ga ciwon daji, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. A 2004 a ƙasar Kenya mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta kamu da ita. Abin takaici, gyaɗar da aka tsince aka ware saboda ta yi baƙi ko ta yanƙwane, ita ake sayarwa da araha, ita kuma wasu ke yin ƙuli da ita, ƙulin da muke barbaɗa wa yara a rogo. Gyaɗar da ta yi ɗaci a baki ki tofar, wadda ta canza kala ki zubar, kada ma ki ba kaji ko akuyar da kike tatsa.

Na uku shi kansa rogon. Kowane rogo na ɗauke da wata guba mai suna sayanayid, sai dai yawanta ya bambanta. Mai daɗi irin na dafawa, yawancin gubarsa a ɓawo take, in aka fere aka dafa ya nuna sosai aka zubar da ruwan, shi ke nan. Mai ɗaci kuwa sai an jiƙa shi kwana uku zuwa biyar, an tsane, an shanya ya bushe ƙayau kafin a yi alabo da shi. In aka yi gaggawa saboda kasuwa ko yunwa, sai a ga gida guda na amai da jiri, wani lokaci har rasa rai. Yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki shi ya fi saurin faɗuwa, don haka kada a bar yara su riƙa gatsar ɗanyen rogo. Shanya a gefen kwalta ma abin dubawa ce: ga ƙura, ga hayaƙin mota, ga dabbobi, ga ɓera mai yaɗa zazzaɓin Lassa.

Manjan da ya yi ja fiye da kima, yana rina hannu da kwano, mai yiwuwa an sa masa rinin da ba na ci ba ne. Mangwaro ko ayabar da ta yi ruwan ɗorawa a waje amma cikinta gagau babu zaƙi, mai yiwuwa da kabaid ɗin masu walda aka nuka ta. NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan duka biyun. Ki kuma san injin da kike kai niƙa. Maƙwabtanmu na Zamfara ba za su manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinare ana daka su a cikin gidaje, inda ake girki yara na wasa.

A Safana: ashe mu ne kamfanin

Daga Batsari na wuce Safana, inda na kwana biyu gidan wata 'yar'uwa. Da hantsi in kika tsaya a ƙofar gida, 'yan talla ne ke wucewa ɗaya bayan ɗaya: mai awara, mai zoɓo, mai kunun aya, mai alala, mai ƙuli, mai ɗanwake. Duk wannan daga hannun wa ya fito? Daga hannunmu, mu matan da ke cikin gida. Da wannan sana'a ake sayen sabulu da littafin makaranta, da ita zawarawa da matan da aka kashe wa maza ke riƙe marayu. Sana'a ce mai albarka, kuma amana ce, domin abin da kika ƙulla cikin ɗan wata zai shiga.

Don haka mu tambayi kanmu. Da wane ruwa aka dama zoɓon? Robar da aka ɗura shi daga ina aka tsinto ta, da me aka wanke ta? A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, kuma Katsina na cikin jihohin da suka ji jiki. Man da ake suyar awara kwana nawa ya yi yana komawa wuta har ya yi baƙi? Garin zaƙin nan da kalar da ake saye a ƙulle ba suna, wa ya san awonsu?

Allah Maɗaukakin Sarki, a aya ta 168 ta Suratul Baƙara, da Ya umarci mutane su ci daga abin da ke ƙasa, Ya haɗa sharaɗi biyu ne: ya zama halal, ya kuma zama mai kyau. Mun iya tambayar ko akwai alade a cikin abu, amma mun cika mantawa da sharaɗi na biyu. Ya kuma zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa mai albarka cikin tarin, ya ji laima a ƙasa alhali saman a bushe yake. Ya tambaye shi dalilin da ya sa bai bar jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barranta daga mai algus. Ki duba, 'yar'uwa, hatsi ne mai laima aka ɓoye, irin dai abin da muka gama magana a kansa.

A gidan da na sauka na ga abin da ya faranta mini rai. Matar gidan na yin zoɓon sayarwa da tafasasshen ruwa, da citta da kanumfari, babu kala. Ta ce ribarta ba ta kai ta wasu ba, amma ba ta taɓa kwantai ba, don iyaye sun san nata. A bayan ɗakinta ga zogale, ga rama a tsohon buhu. Kunun yaye kuwa da kanta take haɗawa: gero da soyayyen waken suya da tsintacciyar gyaɗa, a niƙa tare a ajiye a gwangwani mai murfi. Wannan bai fi ƙarfin mai ƙaramin hali ba.

Guzurin da na kawo miki

Kafin ki sayi abin leda ko na gwangwani ki nemi abu uku: sunan kamfani da adireshinsa, lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar wa'adi, wadda ake rubutawa bayan haruffan EXP ko BB. In an kankare kwanan watan ko an liƙa wata takarda a kansa, ki ajiye. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa ba na ci ba ne, ko kyauta aka ba ki. Ki koya wa yaranki da ke makaranta duba waɗannan abubuwa, za ki sha mamakin yadda za su zame miki 'yan sanda a kan mai tireda.

Ki rage ɗunƙule a hankali, ki ƙara daddawa da albasa da citta, harshen maigida zai saba. In za ki dafa wa yara taliya, ki sa rabin sinadarin, ki yanka ganye, ki fasa ƙwai in da hali. Maimakon kuɗin tara kullum, wata rana ki ƙulla musu gyaɗa mai kyau ko dabino ko dafaffen rogo. Koko ko alala mai zafi kuma ya fi kwanciyar hankali a kwano ko gwangwani mai tsabta a kan leda. In mutum biyu ko uku suka kama amai da gudawa bayan cin abu ɗaya, a fara ba su ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti, a kuma tafi da ragowar abincin.

Sannan ki zauna da maigida ku yi maganar cikin lumana, tunda shi ke cefane, kuma shi ma abin tambaya ne a kan abin da ya kawo gida. Malamai 'yan'uwana kuma, wannan aikin gida na mako guda ku jarraba shi a azuzuwanku.

Mutanen Batsari da Safana sun ga jarrabawa, amma na baro su suna haƙar rogo suna sussukar gero, kuma sun karɓe ni da karamcin da ba zan manta ba. Allah Ya mayar da kowa gonarsa da rugarsa lafiya, Ya ciyar da mu halal mai kyau, Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya da imani.